Waldar da Na Yi wa Motar Nasiru

Kun taso kuna jin cewa ni na ceci ran kawunku Nasiru. Ke Rabi har kin taɓa rubuta labarin a makaranta, malamarku ta manna miki tauraro a takardar, kika kawo mini ina cin tuwo, na ce madalla. Kai kuma Sadiku da kunnena na ji ka kana ba 'ya'yanka shi da Turanci, kana ƙara masa gishiri, wai kakansu da ido kawai ya gane cewa ƙarfen da aka aiko daga Amurka ruɓaɓɓe ne. To ba wani ƙarfe da aka aiko daga Amurka a wancan makon. Ku karanta babin nan har ƙarshe, kuma kada ku tsallake wurin da na shiga maganar ƙarfe, don na san halinku, da an ce sifana sai idonku ya koma kan waya.

A Ƙofar Ruwa na koyi kanikanci, kuma tun ina saurayi an san ni da walda. In ƙarfe ya karye a mota maigidanmu ba ya tambayar inda za a samo sabo, sai dai ya ce a kira Yakubu. Da wannan girman kan na sauka Landan. Na yi shekara huɗu a masana'antar mota ta Dagenham ina ɗaure noti huɗu iri ɗaya daga safe har yamma, har na ji kaina zai taɓu, na ajiye. Muka kama gareji a Barking, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ni da wani tsohon Bature mai suna Len da ya yi ritaya daga masana'antar. Shi gwanin injin fiƙe ƙarfe ne. Ba ya hira, ba ya dariya sai shayinsa ya yi daidai, kuma ba abin da ya tsana kamar a ce masa aiki ya isa haka. In jirgi ya wuce ta samanmu ƙura na zubo mana a kofi, shi sai ya rufe nasa da tafin hannu ya ci gaba da awo.

Nasiru ya zo karatu Bloomsbury bayan aurenmu da mamanku da shekara biyu. Shi da mamanku su biyu rak Inna, kakarku, ta haifa, kuma da zai taso sai da ta sa aka kira ni a waya ta ce mini ga amana nan. Sai dai ku da kuka tashi a nan ba ku san abin da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa ba. Wasa ne, kuma wasa mai haƙori. Yana da damar ya ce mini duk abin da ya ga dama, ni ma haka, ba mai fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Shi yana kira na Baƙin Mai, ni ina kiran shi Ɗan Hutu. Ya taɓa juye mini gishiri a shayi a gaban baƙi. Ni kuma na taɓa buga masa waya da murya mai rawa na ce motarsa ta kama da wuta a gareji, har da rantsuwa, ya ɗauko tasi tun daga tsakiyar gari ya same ni na miƙe ƙafa ina cin gyaɗa. Mamanku takan ce ita ba ta shiga tsakaninmu, duk wanda ya ji ciwo ya kai kansa asibiti.

Motar da nake faɗa wata tsohuwar motar Amurka ce, ƙirar ƙarshen shekarun sittin, ja, mai dogon hanci, sitiyarinta a hagu. Ya gama karatu ya sami aiki, duk abin da ya samu a cikinta yake zubawa. Bai gamsu da injinta ba, ya sa aka ɗora mata wani da ya kusa ninka shi ƙarfi. In ya tayar da ita a bakin gareji tattabarun gadar duk sai sun watse. Ran nan ya taka ta a danja, sai aksul ɗin baya ya tauna haƙoransa ya zubar, aka jawo ta zuwa wurinmu. Aksul shi ne doguwar kwarya ta ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya. A tsakiyarta akwai giyoyi, daga giyoyin kuma sanduna biyu suke fita, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace tana murɗa tayarta. Duk ƙarfin inji ta waɗannan sanduna biyu yake bi kafin ya taɓa ƙasa, kuma kaurin kowace bai wuce wuyan hannuna ba.

Len ya ce gyara ba zai yi ba, sai an canza gaba ɗaya. Muka samo aksul ɗin wata akori-kurar Amurka a wurin masu fasa motoci ta bakin kogi, mai nauyi, mu uku muka ɗaga shi. Ya fi motar faɗi da kusan tafin hannu a kowane gefe, saboda haka dole a rage. Rage kwaryar ba laifi ba ne. Len ya zura mata miƙaƙƙen ƙarfe a ciki don kada ta karkace, na yanka na haɗa na yi walda, ya auna sau uku ya gyaɗa kai. Nasiru ya ce a kulle giyoyin tsakiya yadda tayoyin biyu za su riƙa juyawa tare, don tseren miƙaƙƙiyar hanya yake so ya shiga, a wani tsohon filin jirgin sama a bayan gari. Muka kulle. Saura sanduna. Su ma sun yi tsayi, amma su ba a yanka su a haɗa. Sai dai a yi odar gajeru waɗanda aka ƙera don irin wannan aiki, Len ya rubuta awon da hannunsa aka aika Amurka. Daga nan ya tafi arewacin ƙasar wurin 'yarsa da ta haihu, ya ce sai bayan kwana goma.

Yana tafiya aka bugo waya cewa sandunan ba za su iso ba sai bayan wata ɗaya da rabi. Nasiru na zaune a kan taya lokacin da na ajiye wayar.

"Ni fa na riga na yi booking," ya ce. "Ranar Lahadi ta sama. Na gaya wa kowa a office."

"Sai ka yi cancel."

"In yi cancel saboda sanda biyu? Baƙin Mai, ashe duk labarin Ƙofar Ruwa da kake cika mana kunne da shi tatsuniya ce. Wai in ƙarfe ya karye a kira Yakubu. To ga shi an kira Yakubu, Yakubu na jiran ɗan aike daga Amurka."

"Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa ba."

"Ni ban ce na iya ba. Kai ka ce. Ashe tsohon Baturen nan ne mai aikin, kai shayi kake dafa masa."

Ya yi dariyarsa ya tafi. Wasa ne, ya sha faɗa mini abin da ya fi wannan. Amma maganar shayin ta zauna mini a wuya, don akwai masu kawo mota da suke wuce ni su tambayi Len ko maigidan yana nan, su ɗauka ni yaron shago ne. Washegari na rufe ƙofar gareji na ɗauko sandunan akori-kurar. Na yanke tsakiyar kowace na fitar da guntu, na fiƙe bakunan, na gasa, na haɗa su da walda a hankali, layi bisa layi, yadda na yi wa motocin ɗaukar kaya ba iyaka a gida kuma ba wadda ta dawo. Sai na ɗora su a injin Len na goge har ba wanda zai nuna inda aka haɗa. Ba zan ɓoye muku ba, da na riƙe su a hasken taga daɗi na ji. Aikin ya yi kyau, kuma na san ba a yin shi a mota irin wannan. Duk biyun na san su a lokaci guda.

Da Nasiru ya zo ya ga mota a kan ƙafafunta, na ce masa an sami hanya an sako sandunan a jirgin sama. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, tunda don in nuna masa gwanintata na yi aikin. Ina jin bakina ya riga kaina gane cewa abin ba na nunawa ba ne. Ya buga mini kafaɗa ya ce ko banza na iya karɓar saƙo, ya ja motarsa ya tafi. Saura kwana tara a yi tseren.

Len ya dawo ranar Talata, kwana uku kafin lokacin da ya faɗa. Bai gama cire kwat ɗinsa ba ya tambayi ina jar motar. Na ce an gama. Ya je zai jefa wani abu a duron da muke zuba tarkacen ƙarfe, ya tsaya, ya zura hannu ya fito da guntaye biyu masu tsayi ɗaya. Ya ajiye su a kan benci a gabana, ya jera su daidai kamar zai auna.

"Ka san abin da zai faru," ya ce.

"Waldata ba ta taɓa saki ba."

"Ban ce waldarka ba. Wutar da ka sa ta kashe ƙarfen da ke gefenta. A kan titi zai iya shekara. A filin can za a sa mata taya mai kama ƙasa, ya sake kuloci gaba ɗaya. Ɗaya za ta karye, ba biyu ba. Kuma mun kulle tsakiya."

Ba sai ya ƙarasa ba. In sanda ɗaya ta karye, duk ƙarfin injin zai koma taya ɗaya, motar ta juya kai tsaye cikin katangar ƙarfe ko cikin motar da ke gefenta, kafin direba ya gane abin da ya same shi. Len ya ɗauki kofinsa ya ce in motar ta je filin nan da waɗannan sanduna, shi ba zai ƙara shigowa garejin ba. Ya ce ba zai gaya wa yaron ba, don ba shi ya yi ba, ni zan faɗa.

Ranar Laraba na sami Nasiru a gidanmu ya zo cin abinci. Na so in hana shi ba tare da na tona kaina ba, wannan shi ne gaskiya. Na jira mamanku ta shiga kicin na matso kusa da shi.

"Nasiru, kada ka hau motar nan ranar Lahadi."

"To fa. Yau kuma da sunana aka kira ni. Me aka shirya?"

"Ba wasa nake ba. Za ta kashe ka."

"Shekara nawa kana kashe ni a motar nan? Tun ran da na saye ta ka ce in bar maka wasiyya."

"Wallahi da gaske nake."

"Ran da ta ƙone ma wallahi ka ce. Ka yi kaffarar waccan tukuna."

Mamanku ta fito da kwanon miya ta same shi yana share hawayen dariya. Bayan ya tafi na ce mata ta yi masa magana, ta hana shi tseren nan, hankalina bai kwanta ba. Ta dube ni ta gefen ido ta ce ba za mu sa ta a tsakiya ba, wancan karon da na sa ta ta gaya masa an bugo daga ofishin shige da fice sai da ya yi mako bai yi mata magana ba. Na buɗe baki zan gaya mata komai, sai na tuna muryar Inna a waya, na kasa. Tsoro na ji, tsoron yadda za ta dube ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tare shi a bakin titi, na riƙe hannun rigarsa na faɗa masa duka. Na ce ba abin da ya zo daga Amurka, ni na yanka sandunan akori-kura na yi musu walda na goge. Na faɗa ina kallon idonsa. Ya saurare ni har ƙarshe fuskarsa a ɗaure, har na ji sanyi a raina na ce ya gane. Sai ya kwashe da dariya har mutane na juyowa.

"Wannan ta fi ta wutar," ya ce. "Ka zauna ka tsara ta. Ni mako guda ke nan ina yawo a motar, lafiya lau take. Kana so in janye, ranar Litinin ka bi gari kana cewa Ɗan Hutu ya ji tsoro. Ba ka isa ba."

"Zo ka tambayi Len."

"Ka saye shi da shayi."

Ya zare hannunsa ya ruga don kada bas ta wuce shi. Na tsaya a wurin raina a ɓace, kuma da shi nake fushi, ku ji rashin kunya. Shekara bakwai ina gina wannan wasan da hannuna, kullum ina neman ƙaryar da za ta fi ta jiya kama da gaskiya, yau ga gaskiya a bakina ba ta da ƙofar shiga. Ba wata kalma da ta rage mini wadda ban riga na ɓata ta ba.

Ranar Asabar da hantsi ya kawo motar gareji don a sa mata tayoyin tsere, a bar ta nan, da safe abokansa su zo da tirela su ɗauka. Ya jefo mini makulli ya ce kada in sake ta ƙone. Na sa tayoyin kamar yadda ya ce. Na zauna ina kallonta har aka yi la'asar. Len yana can ƙarshen gareji ya ba ni baya yana goge wani abu da ba ya bukatar gogewa. Zuciyata tana ce mini wataƙila ta riƙe, sau ɗaya ne kawai zai taka, daƙiƙa goma sha wani abu an gama, bayan nan in canza su a ɓoye ba wanda ya sani. Na daɗe a kan wannan tunanin fiye da yadda nake so ku sani. Da na yi sallah na tashi na sa jak na ɗaga bayan motar, na kwance tayoyin, na zaro sandunan biyu na ɗaure ta farko a bakin benci.

Ni kaɗai na san inda haɗin yake. Na auna daga ƙarshe na sa alli, na ɗora injin yanka. Da ta rabu biyu na juya bakin na duba, ƙarfe ne cike, fari tas, ba ko ɗigon rami. Na ce shi ke nan, na lalata wa yaro rana a banza, kuma ba ni da abin da zan nuna masa. Len ya zo ya duba, ya miƙo mini ta biyu. Ban kai rabinta ba na ji ƙarar injin ta canza, sandar ta ɓalle da kanta ta faɗi ƙasa. A tsakiyarta akwai baƙin rami kamar ƙwayar wake inda walda ba ta shiga ba, daga ramin kuma tsaga ta tafi har kusa da fata. Ta riga ta fara, a yawon cikin gari kawai. Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai.

Na buga wa Nasiru waya daga garejin na ce kada ya wahalar da abokansa, na yanke sandunan. Ya ce in soya su in ajiye masa, yana zuwa da safe.

Ƙarfe bakwai suka iso, shi da Turawa biyu daga wurin aikinsa da wani ɗan Jos abokin karatunsa, da tirela a baya. Ya shigo da hular kwano a hannu yana kiran Baƙin Mai tun daga waje. Ya ga motar a kan jak ba tayoyin baya. Har a lokacin da murmushi a fuskarsa, yana waige-waige yana neman inda na ɓoye sandunan. Na nuna masa benci. Guntaye huɗu na jere a kai, da waɗancan biyun da Len ya tsamo daga duro. Ya ɗauki mai ramin ya kai ta bakin ƙofa wurin haske. Ya sa farce a cikin tsagar. Ya daɗe a tsaye ya ba mu baya, har jirgi ya wuce ta sama. Da ya juyo ya dube ni, na ga ya tuna duk abin da na faɗa masa ranar Juma'a, kalma bayan kalma.

Ɗaya daga cikin Turawan ya tambayi me ya faru. Na buɗe baki, Nasiru ya riga ni. Ya ce da Turanci, da murya a kwance, kayan da aka aiko daga Amurka ne suka zo da aibi, mijin yayarsa ya gano jiya, ba don shi ba da yau sai dai wani labarin. Suka zo suna girgiza mini hannu. Ɗan Jos ɗin har rungume ni ya yi. Len ya ajiye kofinsa ya fita waje. Da suka juya tirela za su tafi, Nasiru ya tsaya a gabana ya sa guntun a aljihun kwat ɗinsa.

"Na gode, Malam Yakubu," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Haka ya gaya wa mamanku da yamma, haka ya rubuta wa Inna, haka labarin ya iso gare ku. Da sandunan gaske suka zo, wani gareji ya kai aka sa masa. Ya yi tserensa a shekarar da ta biyo, bai gayyace ni ba, daga baya ya sayar da motar da zai yi aure. Bai daina zuwa gidanmu ba. Yakan cire takalmi a bakin ƙofa ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi aiki, ya tambayi lafiya, in na miƙa masa shayi ya karɓa da hannu biyu. Na sha gwada tsokanarsa, sai ya yi ɗan murmushi ya ce haka ne. Ku kuna ganin kawunku mutum ne mai girmama babanku. Ni kuwa na san da abokin wasana ne ya kama ni da abu irin wannan, da har in mutu ba zan sha ruwa a gabansa lafiya ba, da kowace Sallah sai ya tayar da maganar. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo, kuma shekara tara na yi ina shan shi.

A shekara ta tara santsi ya kwashe shi a matakalar tashar jirgin ƙasa, ƙashin cinyarsa ya karye, aka sa masa ƙarfe a ciki. Muka je duba shi asibiti ni da mamanku da rana. Yana kwance maganin ciwo bai gama sakinsa ba, yana nuna mana hoton ƙashin da ƙarfen a jikinsa. Na ɗauki hoton ina dubawa, irin duban da makaniki yake yi wa aikin wani.

"Yaya, karɓe hoton nan daga hannunsa," ya ce. "Ki gaya wa nurse kada a bar mutumin nan shi kaɗai da ƙafata. Yanzu sai ya yi mini walda ya goge, ya ce daga Amurka aka aiko."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na biye da ita, ban iya tsayar da ko ɗaya ba. Shi ma yana dariya yana riƙe cinya. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Sai da muka lafa na lura mamanku ba ta yi dariya ba, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wace walda?" ta ce.

Nasiru ya rufe ido ya ce barci yake ji.

A jirgin komawa gida na gaya mata. Taragon ba mutane sosai, muna zaune gefe da gefe, na fara daga wayar da aka bugo har zuwa guntayen kan benci, ban rage komai ba. Ba ta katse ni ba. Hannayenta na kan jakarta, tana kallon bayan gidajen da muke wucewa. Sai da muka wuce tasha uku ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Wace rana Baturen ya gaya maka za ta karye?"

"Talata."

"Ran da Nasiru ya zo ya ɗauke mu a motar, Alhamis ce."

A nan ne zan faɗa muku abin da na tsallake a sama, don ko yanzu da nake rubutu hannuna bai so ya rubuta shi a wurinsa ba. Ranar Alhamis ta wancan makon, da yamma, Nasiru ya zo ƙofar gida ya ce sai yayarsa ta ɗana motar kafin ta zama zakara. Mamanku ta shiga gaba, ke Rabi kina da wata goma sha ɗaya, kina kan cinyarta. Ina tsaye a bakin ƙofa da tawul a hannu. Na san abin da ke ƙarƙashin motar, na san Nasiru ba ya hawa babban titi bai taka ba. Na ce wa kaina Len ya ce a kan titi zai iya shekara. Na ɗaga muku hannu.

"Ka sani a ranar?" ta ce.

"Na sani."

Jirgi ya tsaya a Barking, ta tashi ta riga ni fita, na bi ta a baya har gida da tazarar taku goma. Ba ta taɓa gaya muku ba, ba ta kuma taɓa tayar mini da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma daga ranar, duk lokacin da motarta ta buƙaci gyara, sai ta ɗauki makullinta ta wuce ƙofar garejina, ta kai wa wani mutum a Dagenham.